Karrama masu tsaron tsuntsaye a ƙasar Daura: da wane ma'auni, kuma me za a ba su?

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar daji da tsuntsaye.

A yankinmu na ƙasar Daura akwai 'yan ƙungiyoyi ƙanana, na matasa da na dattawa, da suka ɗora wa kansu aikin kare tsuntsayen da muka buɗe ido muka gani. Wasu suna gadin itatuwan da shamuwa ke sheƙa a cikin gari. Wasu suna zagaya bakin ruwa wajen dam ɗin Sabke da na Daberam suna lallashin masu kafa raga. Akwai kuma masu bin makarantun boko da tsangayu suna yi wa yara magana kan harbi da danƙo. Ba mai biyan su ko kwabo.

Kwamitin ci gaban garinmu na son ya karrama su, tunda yabon gwani ya zama dole, amma mun tsaya a kan abu uku. Da wane ma'auni za mu bambanta mai aiki na gaskiya da wanda aikinsa bai wuce ɗaukar hoto ya sa a Facebook ba? Me ya kamata a ba su, ganin abin da ke hannunmu ba shi da yawa? Sannan wace hanya za su bi har hukuma da manyan ƙungiyoyi su san da zamansu? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Malamin Daji:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kusugu, Allah ya saka wa kwamitinku da alheri. Zan ɗauki tambayar farko, don in ita ta gyaru, sauran masu sauƙi ne.

Kada ku tambayi ƙungiya me ta yi. Ku ce ta kawo littafinta. Littafin takarda nake nufi, mai bango mai ƙwari, wanda aka ja wa layi: kwanan wata, wuri, ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka tashi, su wa suka fita, wane tsuntsu, guda nawa, da abin da aka tarar a wurin, ko tarko ne, ko reshen da aka sare, ko mushe. Ranar da aka fita ba a ga komai ba, a rubuta sifili. Sababbin shiga sukan tsallake irin wannan rana don suna ganin abin kunya ne, alhali sifilin shi zai nuna lokacin da tsuntsu ya fara ƙaurace wa wuri. Littafin da kullum adadinsa hawa yake yi, ba goge-goge, ba tabon ruwan sama, kuma biro ɗaya ne daga shafin farko har na ƙarshe, a dare ɗaya aka cika shi.

Mu ɗauki shamuwa, tunda ita ce ta fi sauƙin bi. Tana isowa ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, gabanin ruwan shuka. Ƙwai biyu zuwa uku take yi, kwanci kamar wata ɗaya, 'ya'yan su zauna a sheƙa kusan wata biyu, wajen Oktoba kuma ta kama hanyar kudancin Afirka. Ke nan aikinta na wata biyar ne zuwa shida, kuma a gaban idon kowa ake yin sa. Kowane itacen da take kai, tsamiya ce ko kuka ko bedi, a rubuta masa lamba da fenti a gindi, ban da buga ƙusa, a sa lambar a littafi tare da sunan unguwa. A riƙa zuwa duk mako biyu, da safe tsakanin ƙarfe 7 da 9, a tsaya kamar taku 30 daga gindin itacen. Abu uku ake ƙirgawa: sheƙa nawa ke da mai kwanci, nawa aka hangi kawunan 'ya'ya a ciki, da kuma 'ya'ya nawa suka yi fiffike suka tashi. Wannan na ƙarshe shi ne sakamakon aiki.

Inda ake yin kuskure wuri biyu ne. Wasu su haɗa da tsohuwar sheƙar bara da ba kowa a ciki, adadi ya kumbura a banza. Wasu su ƙirga da yamma, lokacin da shamuwar wasu unguwanni da balbela suka taru kwana a itace ɗaya. Sai kuma babban laifi, hawa itace don a leƙa ko a ɗauki hoto. Da zarar iyaye sun tashi, hankaka da shirwa ba sa jira, rana kuma takan dafa ƙwan da aka bari a buɗe, 'ya'yan da suka tasa su tsorata su yi tsalle tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Duk ƙungiyar da ta kawo muku hoton cikin sheƙa daga kusa, ku rage mata maki, kada ku ƙara.

Na bakin ruwa lissafinsu daban. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya, lokacin ne kuma kirinjijiya da dinya da zalɓe da zakaran ƙeƙuwa ke haɗuwa da baƙin da suka tsallako hamada daga Turai. A zaɓi wuraren tsayawa uku ko huɗu a bakin dam, kada a canza su daga shekara zuwa shekara. A sa rana a bayan ƙeya. In garke ya yi yawa, a ƙirga goma sosai, a riƙe girman goman nan a ido, sannan a bi garken goma-goma. Mutum biyu su ƙirga kowa da kansa ba tare da shawara ba. In bambancinsu ya wuce ɗaya cikin goma, a sake. Ranar da hazo ya rufe, a rubuta cewa an yi hazo, don mai karanta littafin ya san abin da ya sa adadi ya faɗi.

Rabon maki kuwa, shawarata ke nan, kuna iya gyarawa. Cikin 100, a ba da 40 ga abin da ido zai gani a ƙasa: itacen na tsaye, sheƙa na kai, raga ta ragu. A ba da 30 ga littafin da ya ɗore aƙalla damina biyu a jere, don damina ɗaya kowa zai iya da zafin sabon abu. A ware 20 ga shaidar mai unguwa da masu itatuwan da sarkin noma, a ji ta bakinsu ba a gaban 'yan ƙungiyar ba. Goman da ta rage ta koyar da wasu ce. Alƙalai su zama mutum uku da ba su da ɗa ko ƙane a cikin masu takara, su buɗe littafi su zaɓi lamba uku da ka, su je ba sanarwa. Gani ya kori ji.

In ƙungiya ta ce ta dasa itace 500, a tambaye ta nawa suka tsallake bazara, a je a ƙirga a watan Mayu kafin ruwa ya sauka. Ni a wajena wanda ya yi sassaben zamani a gona, ya bar tohon gawo da magarya da aduwa da kanya suka tashi, ya fi mai dashen da awaki suka cinye cikin mako biyu. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya tun daga shekarun 1980, kuma irin waɗannan itatuwa su ne abinci da makwancin cilakowa da kurciya da kabare.

Tsohon Akawu:

Malamin Daji ya gama da ma'auni. Ni tambaya ta uku zan taɓa, ta takardu, don a nan ne ƙungiyoyi ke zubar da kuɗinsu.

Matakin farko ba Abuja ba ne. A rubuta tsarin mulki shafi biyu ko uku: sunan ƙungiya, manufa, yadda ake shiga, yadda ake zaɓen shugabanni da wa'adinsu, wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe kaya. A haɗa da jerin mambobi da rahoton zaman da aka amince da shi. Da wannan a je wa mai unguwa, ya kai ga dagaci, a samu takardar hakimi. Daga nan sai sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma, a yi rajista, a kai kwafi ga malamin daji na sashen gona, a kai wani ga sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli a Katsina. Kowace takarda a yi ta biyu, a sa a buga hatimin karɓa a ɗaya a dawo da ita. Takardar da ba hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya, sai ƙungiya ta kai ga neman tallafi daga waje. Ana yin ta a ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni ta 2020, da amintattu aƙalla biyu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan ta akwai lambar haraji da takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram na hukumar EFCC, wadda bankuna ke nema wajen asusun ƙungiya. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne rahoton shekara-shekara dole ne, in aka bari tara ta taru. Ƙungiyar mutum 15 da ba ta da kuɗin shiga bai kamata ta ɗauko wannan kaya ba. Gara ƙungiyoyin yankinku su haɗu a inuwa ɗaya, rajista ɗaya, asusu ɗaya mai sa hannun mutum uku daga ƙungiyoyi daban-daban. Asusun shugaba na kansa kada ya karɓi ko naira ɗaya ta ƙungiya, ko da shi waliyyi ne, don zargi kaɗai ya isa ya raba kan jama'a.

Hanya mafi sauri da masana za su san da ku ba ta buƙatar rajista ma. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun ƙarshen 2015. An yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowanne kamar kilomita 9 a kowane gefe. Mutum ya sauke manhajar BirdLasser a waya, ya yi aƙalla awa biyu a cikin murabba'i ɗaya, yana shigar da kowane irin tsuntsu bi da bi yadda ya gan su, yana da har kwana biyar ya kammala katinsa, wato jerin tsuntsayen da ya shigar, ya tura. Katin da sunan mai shi yake shiga, kuma ba ya gogewa. Ƙungiyar da ta tura kati a kai a kai daga Baure ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa, ba sai ta yi shela ba. Abin lura ɗaya: kada a shigar da tsuntsun da ba a tabbatar ba. Masu tantancewa za su nemi hoto ko bayani, kuma in aka saba kama mutum da zato, sai a daina yarda da sauran katunansa.

Sai gidauniyar kare muhalli ta NCF, wadda aka kafa a 1980, ita ce abokiyar aikin ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya BirdLife a Najeriya, kuma ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin ƙauye a dausayin Haɗeja da Nguru. A rubuta mata wasiƙa shafi ɗaya, a haɗa da taƙaitaccen lissafin damina biyu da takardar hakimi. A nemi malamin sashen nazarin halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-ma ya duba littafin ya sa hannu, don masu ba da tallafi kan nemi wanda zai tsaya wa ƙungiya. Shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya GEF, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, yakan ba ƙungiyoyin al'umma masu rajista tallafi, amma ba ya ba wanda bai taɓa riƙe lissafin naira dubu 50 da rasit ba. Katsina kuma na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa na yaƙi da hamada, tana cikin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa, ofisoshinsu wurin neman irin dashe ne da wayar shinge.

Jikan Sarkin Baka:

Malamin Daji, ranka ya daɗe. Akawu, Allah ya ƙara girma. Maganarku gaskiya ce ga shamuwa, amma akwai tsuntsun da wannan shelar za ta kashe.

Ungulu nake nufi. Wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda take cika kwata da bakin kasuwa. Yau sai a yi wata ba a ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take yi, da rani, kwanci kamar kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa. In aka ɗauke ƙwan nan ko aka kashe uwar, shekara ta tafi. Kuma ba yunwa ce ke karar da ita ba, kasuwa ce. Kanta da ƙafarta da ƙwanta, har kirarruwan sheƙarta, duk akwai masu saye don tsibbu. A Gini Bisau, a 2020, sama da 2,000 aka kashe da guba, da yawa an yanke kawunan.

To a ce ranar biki mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce ga ƙungiyar da ke gadin sheƙar ungulu a rimin ƙauye kaza. Kafin sati mai saye ya iso. Haka hoton waya: in alamar wuri na kunne, hoton na ɗauke da adireshin itacen a cikinsa. Don haka a raba littafi biyu. Na shamuwa da na bakin ruwa kowa ya gani. Na ungulu da burtu da mujiya da gauraka, in Allah ya sa an ga gauraka, mutum biyu kawai su riƙe, alƙalai su gani da ido su yi shiru, a takardar yabo a rubuta sunan gunduma kawai. Ƙidayar ungulu a yi ta a kwata, rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, minti 30, a rubuta adadi mafi yawa da aka gani a tare. Sarkin fawa ya san da maganar, shi zai hana baƙon ido zuba nama mai magani.

In an tarar da mushe da tsuntsaye a zube kewaye da shi, a duba ƙasa. Matattun ƙudaje a kan naman da gefensa alamar guba ce, galibi maganin ƙwari na gona irin Furadan. Kada a taɓa da hannu. A kori karnuka da yara, a kira malamin dabbobi, a ɗauki hoto, sannan a ƙone ko a binne a rami mai zurfin da kare ba zai tono ba. Ƙungiyar da ta kawar da mushe ɗaya irin wannan a kan lokaci ta ceci abin da ya fi na mai taron wayar da kai goma, amma ba ta da hoton taro da za ta nuna. A sa wannan cikin maki 40 ɗin nan.

Abu na biyu, kada a yi bikin nan ba maharba. Su suka san inda fakara ke kwanci da inda zabon daji ke shan ruwa. In aka mai da su abokan gaba a gaban jama'a, an rasa idon daji. A kira sarkin baka, a zauna, a yi yarjejeniya a gaban hakimi: ba harbi ba tarko daga faɗuwar ruwa zuwa kaka, ba taɓa mai kwanci, ba guba ko yaushe. Maharbin da ya riƙe alkawari shekara biyu, a kira sunansa tare da na matasa. Haka mai maganin gargajiyar da ya bar sassan ungulu ya koma ga saiwa da ganye. NCF ta yi irin wannan aiki da masu magani a Arewa.

Sannan a gaya wa matasa iyakarsu. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 tana nan, ta tarayya ta 1985 da aka gyara a 2016 tana nan, amma ba ɗaya da ta ba su ikon ƙwace ragar mutum ko shiga rumfarsa. Nasu gani ne, rubutawa, da kai rahoto. Kuma a halin da ake ciki, saurayi da madubin hangen nesa a bakin daji ana iya yi masa mummunar fahimta. Kowa ya riƙe katin shaida mai hoto da kwafin takardar hakimi, a sanar da ofishin 'yan sanda da jami'an tsaron al'umma kafin a fita, ba fita mutum ɗaya, ba kaiwa magariba. Wajen dajin Rugu kuwa kada kyauta ta ja kowa, ko wane irin tsuntsu aka ce an gani.

Ɗan Kusugu:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura maganar abin da za a bayar. Sannan manoman da ke cikin kwamiti sun tayar da magana: ta yaya za a karrama masu kare tsuntsu alhali tsuntsu ne ke cinye musu gero? Ina son amsar da zan kai musu.

Uwar Ɗalibai:

Malam, a kan abin bayarwa, don Allah kada ku miƙa ambulan ga shugaba a gaban taro. Ku sayi kayan aiki da sunan ƙungiya. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 shi ne daidai. Masu manyan lambobi da ake tallatawa da araha rawa suke yi a hannu, ba a iya ƙirga komai da su. Guda biyu masu kyau sun fi goma na banza. A ƙara da littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma mai hotuna, takalman ruwa, rigunan ruwa, batirin cajin waya, da keke in kuɗi ya kai. A buɗe shafin aro, mai ɗauka ya sa hannu, mai dawowa ya sa hannu. Madubi a ajiye shi cikin jakarsa, a hure ƙura kafin a goge, don goge shi da bakin riga a lokacin hunturu shi ke kankare gilashin.

Takardar yabo kuma kowane mamba ya samu tasa da sunansa, da sa hannun hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, a rubuta aikin da ya yi da shekarun. Allo ɗaya da za a rataye a zauren shugaba ba ya amfanar yaron da zai nemi makaranta ko aiki.

Akwai waɗanda ba a ambata ba, kuma su ke ɗauke da wahalar. Gidan da shamuwa ta yi sheƙa goma a tsamiyar tsakar gida, matar gidan ce ke share farin kashi safe da yamma, ba ta shanya a ƙarƙashin itacen, ba ta barin randa a buɗe, ga ƙarni in ruwa ya sauka, ga ragowar kwaɗi da fara da ke faɗowa. Mafi yawan itacen da aka sare, daga wannan ƙorafi aka fara. Ƙungiya ta gari takan zo duk mako ta kankare kashin, ta tara a buhu ya zama taki ga mai gidan, ta taimaka a matsar da igiyar shanya da murhu. Ku ware wani abu, ko turmin atamfa ne da sabulu, ku kira waɗannan mata da sunan gidajensu.

Game da yara, kuskuren da ake yi shi ne biyan kuɗi ga wanda ya kawo ɗan tsuntsu ko ya miƙa danƙonsa. Gobe zai hau ya ɗebo wasu, ya sassaƙa sabon danƙo. Haka sayen kanari da tsirya a keji don a saka ranar biki: mai tarko ya samu ciniki, zai koma ya kamo ninki. A ba yaro itace mai lamba ya zama nasa, a yaba masa kan 'ya'yan da suka tashi. In ɗan tsuntsu ya faɗo, babba ya mayar da shi sheƙa ko reshe mafi kusa in zai yiwu ba tare da tayar da sauran ba. In ba hali, kwali mai huji a inuwa. Ba a ɗura masa ruwa a baki, yana wucewa huhu. Ɗan shamuwa fara da ƙananan kifi yake ci, kunu da madara kashe shi suke yi. In kuwa tsuntsaye da yawa suka mutu a bakin ruwa lokaci ɗaya, yara su nisance su a kira malamin dabbobi, tunda murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006.

Ku roƙi limamai su taɓa maganar a huɗuba. Hadisin tsuntsuwar da aka ɗauke wa 'ya'ya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar mata, yana cikin Abu Dawud, kuma almajirai sun fi jin wannan daga bakin malaminsu.

Malamin Daji:

Malama ta faɗi gaskiya, musamman kan matan gida. Malam Ɗan Kusugu, ga amsar manoma, kuma suna da hujja, kada a raina ta.

Mai cinye gero da dawa janbaki ne, shi kuwa ba ya cikin waɗanda ake nema wa kariya, don yana cikin tsuntsayen daji mafi yawa a duniya. Waɗanda ake gadi akasarinsu ma'aikatan manomi ne. Shamuwa da balbela fara da tsutsa suke ci, mujiya ɓera take kamawa a bakin rumbu, ungulu ta kwashe mushen da zai jawo karnuka da cuta. Indiya ta rasa sama da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulunta saboda maganin dabbobi diclofenac, sai da ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

Ƙungiyar da ke son manoma su yarda da ita, ta yi musu aiki a kan janbakin. Ta bi garke da yamma ta gano makwancinsa, galibi cikin ƙaya ko kaba a kusa da ruwa, ta kai rahoto ga malamin gona da ofishin KTARDA, hukumar raya noma ta jiha, tun hatsi bai yi ido ba. In za a yi feshi, maganin da aka saba amfani da shi, fenthion, ba ya zaɓe. Shaho da shirwa da mujiyar da suka ci gawar su ma mutuwa suke yi. Aikin ƙungiya a nan shi ne ta nuna wa masu feshi inda shamuwa da balbela ke sheƙa a kauce, ta sanar da makiyaya da masu kiwon zuma, washegari da sassafe ta fita da safar hannu da shebur ta tattara gawar ta binne, ta kuma hana yara tsinta don suya. Ku sa manomi ɗaya cikin alƙalai uku, ya ga wannan da idonsa.

Lokacin biki kuma, Asabar ta biyu ta Oktoba ta fi dacewa. Ranar tsuntsaye masu ƙaura ce ta duniya, shamuwa na shirin tafiya, littafin damina ya cika, manoma sun fara samun sarari. In kuna son taron jama'a, ku nemi fada ta ba ku 'yan mintuna a lokacin Sallar Gani. Kowanne kuka zaɓa, ku nemi hakimi ya yi amfani da ranar ya sa a yi shela cewa itatuwan da ke da lamba ba a sare su, ba a sassabe rassansu daga Mayu zuwa Oktoba sai da izinin dagaci, kansilanku kuma ya kai maganar majalisar ƙaramar hukuma a mai da ita doka. A karanta lambobin itatuwan shamuwa ɗaya bayan ɗaya da unguwanninsu, a ba mai unguwa kwafi, a ba malamin daji kwafi, a kuma sa ranar da alƙalai za su sake zagayawa a watan Yuni mai zuwa.